Suna a Waje, Gumi a Ciki: Nazarin Kwanukan Dutse na Tsohuwar Masar

A ƙarƙashin dalar Sarki Joser da ke Sakkara, kudu da birnin Alƙahira, akwai rijiyoyi goma sha ɗaya jere a gefen gabas. Kowace ta nutsa fiye da mita 30 cikin ƙasa, sannan ta karya ta zama dogon rami da ya nufi yamma. Biyar na farko makwancin iyalan sarki ne. A shekarun 1930 masu binciken kufai, James Quibell da Jean-Philippe Lauer, suka kai ga rami na shida da na bakwai, sai suka tarar da su maƙare da kayan dutse: tuluna da akusa da farantai da kasake da ƙananan tandaye na mai, an jibge wani kan wani. Rufin ramukan ya daɗe da ruftawa, ya farfasa mafi yawansu. Da aka ɗauki shekaru ana tsince gutsattsarin ana harhaɗawa, sai aka ƙiyasta yawansu ya kai kimanin 40,000.

Yawan nan abin mamaki ne, amma rubutun da ke jikin wasunsu ya fi ɗaure kai. Sunayen sarakuna ne, sai dai ba na mai dalar ba. Ga Narmer, wanda ake danganta haɗe Masar ta kudu da ta arewa da shi wajen shekara ta 3100 kafin Miladiyya. Ga Jer da Den da Anejib da Semerket da Ka'a, ga Hotepsekemwi da Nineter da Kasekemwi. Tsakanin Narmer da Joser akwai shekara kusan 400. Shi kuwa Joser, a kan hatimin yumɓu da aka samu tare da kayan ne sunansa ya fito.

A wannan nazari zan kira duk waɗannan kaya da suna ɗaya, kwanukan dutse. Abin da nake son nunawa shi ne kowane kwano mai suna rubutu biyu yake ɗauke da shi. Na farko yana waje, sunan sarki ne, kuma shi ido yake fara gani. Na biyu yana ciki, shi ne sawun da mahuji ya bari zagaye-zagaye a bangon kwanon, wanda sai an leƙa ko an shafa da yatsa ake sanin yana nan. Wanda ya karanta na waje kaɗai yakan yi kuskure a kan tarihi, ya kuma zalunci mutanen da suka yi aikin.

Kafin mu shiga, a lura da kalmar Fir'auna. Asalinta a harshen Masarawan dā "babban gida" take nufi, wato fada, kamar yadda Bahaushe kan ce fada ta yi umarni alhali sarki yake nufi. Sai a zamanin Sabuwar Daula, bayan shekara ta 1500 kafin Miladiyya, aka fara kiran sarkin kansa da ita. Yawancin sarakunan da za mu ambata sun riga wannan laƙabi da fiye da shekara dubu.

Tushen sana'ar

Masarawa sun fara fafe dutse tun kafin a yi sarki ɗaya a ƙasar. Tun wajen shekara ta 4000 kafin Miladiyya ana binne mutane da ƙananan kwanuka na baƙin dutsen aman wuta, a yankin Nakada da ke kudu da kuma Ma'adi da ke kusa da Alƙahira ta yau. Tun a lokacin kwanon dutse ba na kowa ba ne. Shaidar haka tana jikin tukwanen yumɓu na zamanin: maginin tukwane yakan yi musu ɗige-ɗige da zane mai murɗewa don su yi kama da dutse mai rodi-rodi. Ba a kwaikwayon abin da ba shi da daraja.

Da aka kafa sarauta, sai sana'ar ta kai ƙololuwa a zamanin gidan sarauta na farko da na biyu, tsakanin wajen 3100 da 2686 kafin Miladiyya. A kaburburan sarakuna na Abidos da na manyan fadawa na Sakkara an zuba kwanuka ɗari-ɗari, wani wurin dubu-dubu. A nan ne kwaikwayo ya juya. Yanzu dutse ne yake kwaikwayon abubuwa masu laushi. An sassaƙa faranti mai siffar ganye da jijiyoyinsa, an sassaƙa wani kamar kwandon kaba har ana ganin saƙar, an yi tulu da igiyar dutse ta naɗe shi kamar ragaya. A gidan tarihi na Metropolitan da ke New York akwai wani faranti na gidan sarauta na farko da aka sassaƙa da siffar hannaye biyu rungume da alamar rayuwa, ta yadda ruwan da aka zuba zai ratsa alamar kafin ya fita. A kabarin Kasekemwi da ke Abidos an samu ƙananan tuluna da aka rufe bakinsu da zinariya, an lanƙwasa ta kamar ƙyalle, an ɗaure da zaren zinariya kamar yadda mace ke ɗaure bakin goran man shanu.

Me ya sa mutum zai ɓata watanni yana mayar da dutse kwando, alhali kwandon kaba yini guda ake saƙa shi? Amsar tana cikin imaninsu game da mutuwa. Sun ɗauka mamaci yana ci gaba da bukatar abinci da abin sha da man shafawa a kabarinsa. Kaba takan ruɓe, gara takan cinye itace, yumɓu yakan fashe. Dutse ne kaɗai suka ga zai iya zama da mamaci har abada, saboda haka suka ɗauki kayan yau da kullum suka mayar da su dutse.

Inda dutsen yake fitowa

Ba a bakin Kogin Nilu ake tsintar yawancin duwatsun nan ba. Farin dutsen alabasta mai laushi, wanda haske ke ratsawa idan ya yi siriri, ana haƙo mafi shahararsa a Hatnub, cikin hamadar gabas kusa da Amarna. Masarawa sun sa wa wurin suna mai nufin gidan zinariya. Dutse mai launin toka-toka da kore-kore, wanda aka yi farantan ganye da shi, daga Wadi Hammamat yake, kwarin da ya ratsa tsakanin Kift da Bahar Maliya. Jan giranit daga Aswan. Akwai kuma wani dutse mai tsananin tauri, fari da ratsin baƙi, wanda ake ɗebowa a Jabal al-Asr, kimanin kilomita 65 arewa maso yamma da Abu Simbel, a tsakiyar hamadar Nubiya. Wurin ya ɓace wa mutane har sai a 1932 da aka sake gano shi. Da dutsen can aka sassaƙa sanannen mutum-mutumin Sarki Kafra, amma tun kafin Kafra ana fafe kwanuka da shi.

Duk wanda ya san tafiyar hamada ya san abin da wannan ke nufi. Sai an tanadi jakuna da salkunan ruwa da guzuri, da masu nuna hanya, da masu gadi, da magatakarda mai lissafin abin da aka ci da abin da aka ɗauko. Talaka ba ya iya haɗa irin wannan ayari. Saboda haka tun kafin a rubuta sunan kowa a jikinsa, launin kwano ya riga ya faɗi wani abu: mai wannan kaya hannunsa ya kai wurin da babu ruwa, ya aika mutane sun je sun dawo. Sarkin da ya jera kwanuka iri-iri a kabarinsa, taswirar ikonsa ya jera.

Yadda ake fafe dutse

Masarawa ba su ɓoye yadda suke aikin ba. Sun zana shi a bangon kaburbura, irin na Ti da na Mereruka a Sakkara, da na waziri Rekmire a yammacin Luksor. Ana ganin ma'aikaci zaune ko tsaye, hannu ɗaya riƙe da kwano, ɗayan a kan wani dogon makami. Sanda ce mai lanƙwasa a sama inda ake riƙewa, an ɗaura mata duwatsu biyu don nauyi, ƙasanta kuma ta rabu biyu kamar gwafa, inda ake maƙala dutsen da zai ci cikin kwanon.

Ana fara aikin ne daga waje. A daddaki dutsen da wani dutsen da ya fi shi tauri har siffa ta fito, sannan a gurza. Bayan haka a koma ciki. Idan dutsen mai tauri ne, akan sa bututun jan ƙarfe a bakin sandar, a zuba yashi, a yi ta murzawa gaba da baya. A nan sirrin yake: jan ƙarfe ba ya yanka giranit, ya fi shi laushi nesa ba kusa ba. Yashin ne yake ci. Ƙwayoyinsa suna da taurin da ya isa ya kankare dutsen, bututun kuwa jan su kawai yake yi, shi ma yana cinyewa a hankali. In ramin ya yi zurfi sai a ɓalle curin da ya rage a tsakiya. Daga nan a sa dutsen gurza mai siffar gyaɗa a bakin gwafar, a fara da ƙarami, a bi da wanda ya fi shi, har cikin kwanon ya buɗe a ƙarƙashin kafaɗarsa. Wasu masu ƙunƙuntar wuya ma gida biyu ake yin su, a manne daga baya. Ƙarshen aiki shi ne gogewa har ya yi sheƙi.

Kayan aikin da kansu sun fito daga ƙasa. A Hirakonpolis, tsohon birnin Nekhen, Quibell da Frederick Green sun tono ɗakin masu fafe kwanuka da duwatsun gurzarsu a ƙarshen ƙarni na 19. A Umm as-Sawan da ke Fayyum, Gertrude Caton-Thompson ta tarar da tarin dutsen ƙyastu da aka fiƙe da siffar jinjirin wata, waɗanda ake fafe duwatsu masu laushi da su. Flinders Petrie ya tsinto cure-curen giranit da aka ɓalle daga rami a Giza. A zamaninmu kuma Denys Stocks ya ƙera irin waɗannan kayan aiki, ya huda giranit da su a Aswan, ya fafe kwano da hannunsa, ya wallafa sakamakon a 2003. Ya kuma jawo hankali ga wani abu da zanen bango bai nuna ba: ƙurar da ke tashi daga yashi da dutse mai laushi ce ƙwarai, mai shiga huhu, kuma wanda ya shekara da shekaru yana shaƙarta lafiyarsa ce take tafiya. Bahaushe ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Waɗannan sun dafa dutsen, amma romon wani ya sha.

Sunan sarki a bakin kwano

Rubutun da ke jikin kwanukan iri biyu ne. Akwai wanda aka kankara da makami, yawanci sunan sarki a cikin zanen ƙofar fada da shaho a kai, wani lokaci da sunan wani gini ko wani biki. Akwai kuma na tawada, wanda ke ambaton ma'aikaci ko wanda ya kawo kayan ko bikin da aka kawo su dominsa. Pierre Lacau da Lauer sun wallafa na dalar Joser tsakanin 1959 da 1965. A zamanin da dogon rubutu bai yawaita ba, waɗannan gajerun layuka suna cikin manyan madogaran tarihin sarakunan farko.

Misali, a kan wasu kwanuka an jera sunaye huɗu: Den, Anejib, Semerket, Ka'a. Kowane sarki ya gaji kwanon ya ƙara nasa a gefen na magabacinsa, sai kwano ya zama jerin sarauta. Amma a Abidos an samu wasu gutsattsari inda aka kankare sunan Anejib aka sa na Semerket. Daga nan wasu masana suka ce Semerket ƙwace sarauta ya yi, musamman da yake jerin sarakuna na Sakkara, wanda aka rubuta fiye da shekara 1,500 bayansa, ya tsallake shi. Ni dai ina ganin hujjar ba ta kai nan ba. Ka'a da ya gaje shi ya bar sunansa a jere, jerin Abidos ma ya ambace shi. Kankare suna a kan kayan taska yana iya zama canjin mai kaya ne kawai, kamar yadda ake sake wa dabba shaida in ta koma wani garke. Kwano yana gaya mana hannun da ya shiga. Abin da ke zuciyar mai hannun sai an nemo shi a wani wuri.

Wani lokaci kuwa kwano yakan ɗauki labari sosai. A Hirakonpolis an samu manyan tuluna na giranit da na alabasta masu sunan Sarki Kasekem. Rubutunsu ya ambaci shekarar yaƙi da abokan gaba na arewa, an kuma zana ungulu, alamar abar bautar birnin Nekheb, tana riƙe da alamar ɗaure tsiron kudu da na arewa wuri ɗaya. A gindin mutum-mutuminsa da aka samu a wurin an rubuta adadin waɗanda aka kashe: 47,209. Daga baya sunan sarkin ya koma Kasekemwi, daga "iko ya bayyana" zuwa "iko biyu sun bayyana". Duk wannan yana nuna ƙasar ta shiga rikici a ƙarshen gidan sarauta na biyu, kuma shi ne ya sake ɗinke ta. An samu hatiman Joser a kabarin Kasekemwi, alamar shi ne ya yi masa jana'iza ya gaje shi.

Wannan ya mayar da mu ramukan Sakkara. Lauer ya ɗauka Joser ya tattaro kwanukan ne daga kaburburan magabata da aka wawashe a lokacin rikicin, ya sake binne su don girmamawa. Wasu kuma suna ganin daga rumbunan fada da na wuraren bauta aka kwaso su, inda suka taru shekara da shekaru. Ko wanne aka ɗauka, ma'anar aikin ɗaya ce. Sarkin da ya zo bayan ɓaraka, wanda ya fara gina babban gini da sassaƙaƙƙen dutse a Masar, ya shimfiɗa sunayen magabatansa a ƙarƙashin dalarsa, bai kankare su ba. Ya kwanta a kansu kamar mai cewa ni ne magajin waɗannan duka. Ba shi kaɗai ya yi haka ba: a wurin bautar Sarki Menkaura da ke Giza, George Reisner ya tono ɗaruruwan kwanuka tsakanin 1908 da 1910, cikinsu har da mai sunan Hotepsekemwi, wanda ya riga Menkaura da ƙarnuka.

Kwanon da ya fi mai shi tafiya

Daga gidan sarauta na huɗu, zamanin Kufu da Kafra, yawan kwanukan duwatsu masu tauri ya ragu. Ƙwararrun hannaye sun koma ginin dala da sassaƙa mutum-mutumi. Alabasta ya mamaye sana'ar, aka kuma shiga sa wa mamata 'yan mitsi-mitsin kwanuka na alama, waɗanda da ƙyar aka ɗan fafe bakinsu. Sai dai kwano mai sunan sarki ya sami sabon aiki, ya zama kyauta. Pepi na Ɗaya, wajen 2300 kafin Miladiyya, ya sa an yi kwanuka masu ambaton bikin sabunta sarautarsa, har da masu siffar uwar biri rungume da ɗanta. Irin waɗannan kyaututtuka masu sunan Pepi sun kai kaburburan gwamnonin Balat a dausayin Dakhla, can cikin hamadar yamma.

Sun kuma ƙetare iyaka. A Biblos, wato Jubail ta Lebanon, tashar da Masar ke sayen katakon al'ul, an samu gutsattsari masu sunayen sarakuna tun daga Kasekemwi har zuwa Pepi na Biyu. A Ebla ta ƙasar Siriya, masu bincike ƙarƙashin Paolo Matthiae sun tono kwano mai sunan Kafra da murfin alabasta mai sunan Pepi na Ɗaya a cikin fada ɗaya da aka ƙone. Tsakanin sarakunan biyu akwai fiye da shekara 200. Da na Kafra kaɗai aka samu, da an iya tura ƙonewar fadar baya da ƙarni biyu bisa kuskure. Darasin a fili yake: suna yana nuna lokacin da aka rubuta shi ne, ba ranar da kwanon ya isa inda aka tsince shi ba. A Kunosos ta tsibirin Kirit, Arthur Evans ya samu murfi mai sunan Kiyan, ɗaya daga sarakunan Hiksos da suka mulki Masar. A Almunyekar da ke gaɓar kudancin Sifaniya, Finikiyawa sun zuba tokar mamatansu a tulunan alabasta masu sunayen Osorkon na Biyu da Takelot na Biyu da Sheshonk na Uku, sarakunan Masar da suka riga kaburburan da fiye da ƙarni guda.

Kuskure mafi nauyi a wannan fanni a Afirka aka yi shi. A Kerma da ke Sudan, Reisner ya yi tono tsakanin 1913 da 1916, ya samu gutsattsarin alabasta masu sunan Pepi da mutum-mutumin wani gwamnan Masar. Sai ya yanke cewa Kerma sansanin ciniki ne na Masarawa, gwamnansu ke mulki. Binciken da Charles Bonnet ya jagoranta daga 1977 ya nuna birni ne na 'yan ƙasa, cibiyar daular Kush mai cin gashin kanta, kuma kayan Masar sun shigo ta ne ta hanyar ciniki ko ganima. An karanta sunan da ke waje, aka ƙwace wa al'umma guda tarihinta har na tsawon shekaru.

Duk da haka, suna in an karanta shi da hankali yakan buɗe ƙofa. Akwai tulun alabasta a Faris mai sunan Zaksis, sarkin Farisa da ya mulki Masar tsakanin 486 da 465 kafin Miladiyya, an rubuta shi da harsuna huɗu. Bayan Champollion ya warware rubutun zane na Masar a 1822, ya karanta sunan a jikin tulun, hakan ya tabbatar wa masu fama da rubutun Farisa na dā cewa suna kan hanya.

Ɓarawo ya kwashe mai, ya bar suna

A kabarin Tutankamun, wanda Howard Carter ya gano a 1922, sana'ar ta fito da wata fuska dabam. Alabasta ne ko'ina, an yi masa ado har ya yi yawa: tuluna masu hannaye kamar rassan furanni, kofi mai siffar furen bado, fitila mai bango biyu wadda hoton sarki da matarsa ba ya bayyana sai an kunna ta. A ganina farantin ganye na gidan sarauta na farko ya fi su nuna gwaninta, domin a can dutse mai tauri aka lallasa har ya yi kamar zai kaɗa, a nan kuwa dutse mai laushi aka ɗora wa kwalliya. Cikin kayan akwai tsofaffin tuluna masu sunan Tutmos na Uku, wanda ya rasu kusan shekara ɗari kafin nan. Al'adar Joser ba ta mutu ba.

Ɓarayi sun shiga kabarin ba da daɗewa da rufe shi ba. Abin da suka nema a tulunan shi ne man ƙamshi, wanda aka ƙiyasta ya kai lita 350. Sun juye shi a salkuna, suka bar tulunan saboda nauyi, kuma wanda aka kama da tulu mai sunan sarki ba shi da ta cewa. Carter ya ga sawun yatsunsu a ragowar man da ya daskare a ciki. Abin da aka yi tulun dominsa ya tafi cikin dare ɗaya. Dutsen da sunan sun zauna fiye da shekara 3,000.

Hakkin mai mahuji

A 'yan shekarun nan hotunan bidiyo sun yawaita a intanet masu cewa hannun mutum ba zai iya wannan aiki ba, wai injuna ne na wata al'umma da ta ɓace, Masarawa tsinta kawai suka yi suka sa suna. Sukan kafa hujja da faifan Sabu, wani abu mai kunnuwa uku da faɗin santimita 61 da Walter Emery ya tono a Sakkara a 1936, da kuma awon wasu kwanuka da yawancinsu daga kasuwar kayan tarihi suka fito, ba daga ramin da aka rubuta tarihin tononsa ba. Wannan magana tana ci mini rai, domin shaidu suna nan birjik: kwanukan da aka fara ba a gama ba, cure-curen da aka ɓalle, duwatsun gurza, ɗakunan aiki, zanen ma'aikata, da gwajin da aka maimaita a zamaninmu. Faifan Sabu kansa da irin dutsen farantan ganye aka yi shi, a zamanin da masassaƙa ke lanƙwasa wannan dutse yadda suka so. Mun taɓa jin irin wannan zance a kan ganuwar Babbar Zimbabuwe, da Turawan mulkin mallaka suka ce ba baƙar fata ne ya gina ta ba. Wadda ta je ta tona a 1929 ta tabbatar da cewa aikin 'yan Afirka ne ita ce Caton-Thompson, wadda ta tsinci jinjirin watan ƙyastu a Fayyum.

Masarawan dā da kansu sun san darajar wannan hannu. A rubutunsu, alamar da ke nufin sana'a da mai sana'a hoton mahujin kwanon dutse ce, da lanƙwasarsa da duwatsun nauyinsa. Da ita ake rubuta laƙabin babban malamin Ptah, abin bautar birnin Memfis, wato shugaban masu jagorancin masu sana'a. A gindin mutum-mutumin Joser kuma an rubuta sunan Imhotep, wanda ake danganta ginin dalar da shi, kuma cikin laƙubbansa akwai wanda wasu masana ke karantawa da mai yin kwanukan dutse. Duk sana'o'in ƙasar, da sassaƙa da ƙira da gini, makamin mai fafe kwano aka zaɓa ya wakilce su.

Har yau a Kurna, yamma da Luksor, akwai masu fafe alabasta da hannu. Sukan naɗe dutsen da ƙyalle, su binne rabinsa a ƙasa don kada ya tsage, su yi ta murza mahuji mai lanƙwasa, sai dai bakinsa ƙarfe ne yanzu. Wanda Allah ya kai shi gidan tarihi na Imhotep da ke Sakkara, inda aka jera wasu daga kwanukan ramukan Joser, ya karanta sunan sarki a jikin kwano, domin tarihi ne. Sannan ya matsa ya leƙa ciki. Zoben da zai gani a bangon, ɗaya ƙarƙashin ɗaya har gindi, kwanakin wani mutum ne da ya zauna cikin ƙura yana murza sanda, ba a rubuta sunansa ba, kuma ba don shi ba da sunan sarkin bai sami inda zai zauna ba.